Silimar Duniya Bayan Yaƙi: Hanyar Yamai da Hanyar Kano

Gabatarwa

A watan Maris na 1972, a birnin Wagadugu, alƙalan bikin silimar Afirka da ake kira FESPACO suka ba da babbar kyautarsu, Dokin Yennenga, karo na farko. Ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A daidai wannan lokaci, saurayin da ya tashi daga Magarya ko Dungas ya tafi cin rani Kano, in ya tara ƴan sulallansa ya shiga gidan silima, abin da zai tarar a farin bango shi ne kaboyin Amurka ko masoyan Indiya suna waƙa cikin furanni. Da wuya ya taɓa jin sunan Ganda, balle ya ga aikinsa.

Wannan rata da ke tsakanin masu yin fim da masu kallonsa ita ce jigon tarihin silima a ƙasar Hausa ta Nijar. Ba a iya gane ta sai an koma ga shekaru talatin da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da silimar duniya ta sake kama, an kuma duba hanyoyi biyu da ta biyo ta iso wannan yanki. Ta farko ta bi ta Yamai, ita ta kawo kamara. Ta biyu ta bi ta Kano, ita ta kawo allon kallo. Magarya da Dungas suna kan ta biyun.

Kamara ta fito titi

Yaƙi ya ƙare a 1945 ya bar Turai a rushe. A Italiya, babban gidan shirya finafinai na Cinecittà ya zama sansanin ƴan gudun hijira, zaren fim kuma ya yi ƙaranci. Dole ta sa Roberto Rossellini ya ɗauki sassa da yawa na fim ɗinsa Roma città aperta a titunan Rum da gidajen jama'a. A 1948 Vittorio De Sica ya fito da Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke, labarin wani magidanci da aka sace wa keke a ranar da ya fara aikin manna takardun talla, ya yi ta yawon nema shi da ɗansa cikin birni, domin in babu keke babu aiki. Mutumin da ya fito a matsayin magidancin ma'aikacin masana'anta ne, bai taɓa wasan kwaikwayo ba. Darasin da duniya ta ɗauka daga nan shi ne, rayuwar talaka ta isa labari, kuma ana iya yin fim ba tare da fada ko tauraro ba.

Darasin ya yi tafiya mai nisa. Satyajit Ray na Indiya ya ga Ɓarayin Keke a Landan a 1950, ya koma gida ya shirya Pather Panchali a wani ƙauyen Bengal. Fim ɗin ya fito a 1955, ya samu kyauta a bikin Cannes a 1956. Kafin nan, a 1951, Rashomon na Akira Kurosawa ya ci babbar kyautar bikin Venis, Turawa suka farga cewa akwai silima a Japan. A Masar, Yusuf Shahin ya ɗauki Bab al-Hadid a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira a 1958. A Faransa kuwa, wasu samari masu sharhin fim a mujallar Cahiers du cinéma suka ajiye alƙalami suka ɗauki kamara: François Truffaut a 1959, Jean-Luc Godard a 1960. Su aka yi wa laƙabi da Sabuwar Igiya. Abin da ya taimaki da yawa daga cikin waɗannan mutane shi ne sauƙin kayan aiki. Ƙaramar kamara, irin wadda masu ɗauko labaran yaƙi suka yi amfani da ita, ta yi araha, mutum guda yana iya saɓa ta a kafaɗa.

Sai dai akwai wata silimar da ba ruwanta da bukukuwan kyauta, wato silimar kasuwa. A Amurka masu shiga gidajen kallo sun kai ƙololuwar yawa a 1946, daga nan suka fara raguwa. A 1948 kotun ƙoli ta tilasta wa manyan kamfanonin Holiwud su rabu da gidajen silimarsu, ga kuma talabijin ta shigo ɗakunan mutane. Kamfanonin suka ƙara mai da hankali ga ƙasashen waje. Tun a 1946 yarjejeniyar Blum da Byrnes ta buɗe musu kasuwar Faransa. Fim ɗin da ya gama cin kasuwarsa a Amurka da Turai, sai a loda gwangwanayensa a jirgi a kai ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, a ba da hayarsa a kan kuɗi kaɗan. Indiya kuma, bayan ta samu ƴanci a 1947, tana fitar da finafinai fiye da ɗari biyu a shekara. Awaara na Raj Kapoor, na 1951, ya ratsa Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Sin, Mother India na Mehboob Khan ya biyo baya a 1957.

Afirka a gaban kamara

A ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, tun 1934 akwai dokar Laval, wadda ta hana kowa ɗaukar fim sai da izinin gwamna, bayan ya duba labarin da sunayen masu aikin. Wani saurayi Bafaranshe, René Vautier, ya keta ta ya ɗauki Afrique 50, inda ya nuna aikin tilas da ƙauyukan da sojoji suka ƙona. Aka yanke masa hukuncin ɗauri, aka hana nuna fim ɗin shekaru fiye da arba'in. Shi ya sa lokacin da Paulin Soumanou Vieyra da abokansa ɗaliban Afirka suka so yin fim nasu a 1955, a Paris suka yi shi, suka sa masa suna Afrique-sur-Seine.

A Nijar, kamara ta shigo ta hannun wani injiniyan hanya. Jean Rouch ya zo Yamai a 1941, a nan ya haɗu da Damure Zika, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa. Bayan yaƙi, a 1946 da 1947, shi da abokansa biyu suka bi kogin Isa da kwalekwale tun daga mafarinsa har bakin teku. A hanya ya rasa ƙafafun da ake ɗora kamara, ya ci gaba da ɗauka da hannu, haɗarin ya zame masa salo. Hotunan farautar dorina da ya ɗauka wajen Sarkawan Ayoru su suka zama Au pays des mages noirs, wanda aka riƙa nunawa a Paris kafin a haska Stromboli na Rossellini.

A 1954 Rouch ya yi wani abu da masu ɗaukar hoton Afirka ba su saba yi ba. Ya koma Ayoru da injin haska fim da injin wuta, ya rataya farin ƙyalle, ya nuna wa masuntan wani fim da ya sake yi a kan farautarsu, Bataille sur le grand fleuve. Da suka gama kallo suka yi masa gyara. Suka ce kiɗan da ya sa a lokacin farauta kuskure ne, domin dorina tana ji a cikin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya. Farautar dorina shiru ake yinta. Rouch ya karɓi gyaran. Daga wannan zama ne kuma shawarar Jaguar ta fito, labarin samari uku da suka tafi cin rani Gwal Kwas, wato Gana ta yau.

A Abijan, a 1957, Rouch ya haɗu da wani ɗan Yamai mai aikin dako a tashar jiragen ruwa. Umaru Ganda, haifaffen 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin, ya dawo bai samu aiki ba, ya nufi Kwaddibuwa. Shi ne jigon Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ba tare da murya ba, daga baya Ganda ya zauna yana kallon hotunan yana magana a kansu yadda ta zo masa. Sunayen da samarin cikin fim ɗin suka ɗauka sun nuna irin silimar da ta rene su: Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Godard ya yaba masa a rubuce, masana tarihin silima kuma sun yarda cewa kamarar hannu da maganar da ba a tsara ba na Moi, un noir suna daga cikin abin da ya share wa Sabuwar Igiya hanya. Ke nan muryar wani ɗan cin rani daga Nijar tana cikin tushen ɗaya daga manyan sauye-sauyen silimar Turai.

Ba kowa ya gamsu ba. A wata tattaunawa a 1965, Usman Sembene na Senegal ya zargi Rouch da sauran masana Afirka na Turai da kallon ƴan Afirka yadda ake kallon ƙwari. Maganar ta yi zafi, amma ta taɓo tambayar da ta dace da lokacin: wa ke riƙe da kamara?

Ƴan ƙasa sun karɓi kamara

Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, bayan shekara biyu ta samu fim na ɗan ƙasa. Mustafa Alasan, haifaffen 1942, makanike ne mai baiwar zane, wanda tun yana yaro yake tara jama'a da wasan inuwa a bayan fitila. A 1962 ya fito da Aouré, wato Aure, shekara guda kafin Borom Sarret na Sembene. Ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi wajen Norman McLaren, ya yi La Mort de Gandji, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, da Bon voyage Sim, inda kwaɗi suka fito a matsayin shugaban ƙasa da fadawansa.

Fim ɗinsa da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne Le Retour d'un aventurier na 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka rataya bindigogi, suka canza sunaye, suka shiga satar dawaki da faɗa da juna, har suka hana ƙauye sakat. Jingare Maiga da Zalika Sule suna cikin ƴan wasan. Alasan yana ba da dariya, amma abin da yake nunawa shi ne aikin da allon kallo ya riga ya yi a zukatan samari kafin ɗan ƙasa ya kai hannu ga kamara.

Ganda ya dawo Yamai ya shiga ƙungiyar koyon fim ta gidan al'adu na Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama, abokai da mata suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi, daga ƙarshe ya nufi ƙauye neman abin yi da ƙarfinsa. Shi da kansa ya fito a matsayin sojan, da Zabarmanci, masu nazari kuma suna ɗaukar fim ɗin a matsayin labarin da Ganda ya so bayarwa tun a Abijan. An nuna shi a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, aka kuma karrama shi a Mosko. Sai Le Wazzou polygame, a kan wani alhaji da ya ƙwace budurwar wani saurayi ya yi ta uku, auren ya ƙare da kisan kai. Alasan ya fito da FVVA a 1972, yana zambo ga ma'aikacin da burinsa mace da gida da mota da kuɗi. Inusa Useini ya yi Paris, c'est joli a 1974, Jingare Maiga ya yi L'Étoile noire a 1976. A cikin shekaru goma sha biyar, ƙasar da ba ta da ɗakin wanke fim ko guda ta shiga sahun gaba na silimar Afirka.

Hanyar Kano

Daga Magarya zuwa Yamai tafiyar kilomita fiye da 900 ce. Zuwa Kano ba ta kai 200 ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba hukuma, ba ta raba kasuwa da zumunta ba. Mutanen Magarya suna bi ta Babura, na Dungas, tsohuwar sarautar Sosebaki wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, suna bi ta Maigatari. A shekarun da gyaɗa ke mulki, kudancin Damagaram yana cikin manyan wuraren nomanta a Nijar, kuma ta Kano take fita zuwa teku. Da an gama girbi samari su bi sawunta, su yi dako ko ga-ruwa ko tireda, su dawo da faɗuwar ruwa. Abin da Kano ke kallo, su ma shi suke kallo.

Hoto mai motsi iri biyu ne a Nijeriya ta Arewa. Na farko majigi, na hukuma. Wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya fara amfani da fim a Ikko don yaƙi da annobar da ɓeraye ke kawowa, a 1939 kuma aka ba shi shugabancin sashen finafinan ƙasashen mallaka a Landan. Mota ce ke zuwa gari da injinta, a kafa ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna tsabtar rijiya da noman auduga da rangadin manya, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. Kyauta ne, maza da mata da yara duk suna zuwa. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don ƙarfafa noman zamani, daga wannan gida ya fito.

Na biyu silima, ta ƴan kasuwa, galibi Kwarori. An buɗe Rex a Kano a 1937. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, malamai suka yi ta suka. Wasu ma dodon bango suke kiran abin. Silima ta zama wurin maza, macen da ke tsaron mutuncinta ba ta shiga. Duk da haka gidajen suka ƙaru, suna cika.

Da farko finafinan Amurka da Ingila ake nunawa. Daga shekarun 1950 masu gidajen suka gwada na Indiya saboda arharsu, suka tarar kasuwa ta buɗe. Ba fassara, ba rubutu da Hausa a ƙasan hoto, amma mai kallo ya ga abin da ya sani: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, mata masu lulluɓi, maza masu rawani, attajiri azzalumi da talaka mai haƙuri. A Mother India, wata mata ce mai ba da bashi ya cinye wa gona da shanu, ta ja garma da wuyanta ta reni ƴaƴanta, daga ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta don ya taɓa mutuncin ƴar mutane. Manomin gyaɗar da ya san cin bashi da damina a biya da kaka ba ya bukatar tafinta a nan. An ci gaba da haska wannan fim a Kano har cikin shekarun 1990. Masu kallo suka raɗa wa taurarin sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor ya zama Mace. Daga baya har masu bandiri suka ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya. Ɗan cin rani yakan koma gida da yadi da fitila da rediyo, yakan kuma koma da labarin fim da karin waƙarsa, ya ba wa waɗanda ba su je ba a dandali.

Wa ke riƙe da allo?

Wani zai ce harshe ne ya raba Ganda da mutanen Damagaram, tunda da Zabarmanci yake aiki, fassarar kuma da rubutun Faransanci take, wanda manomi ba ya karantawa. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin Indiyanci ya fi Zabarmanci nisa da Hausa, an kuwa fahimce shi. Fim ɗin Indiya yana zuwa kowane mako, ana maimaita shi har a haddace. Na Ganda ba ya zuwa.

Dalilin yana ga masu rarraba finafinai. A ƙasashen da Faransa ta mulka, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da shigo da fim da yawancin gidajen kallo, tun kafin ƴanci har farkon shekarun 1970. Sun fi samun riba a tsohon fim ɗin waje da aka riga aka mai da kuɗinsa a wata ƙasa, a kan sabon fim na ɗan ƙasa wanda mai shi ke jiran a biya shi. Ga shi kuma da yawa daga finafinan Nijar gajeru ne, a zaren milimita 16, alhali gidajen kasuwa sun saba da dogon fim a zaren milimita 35.

Taimakon da Faransa ta bayar ya warware wata matsala ya ɗaure wata. A 1963 ma'aikatar haɗin kai ta buɗe ofishin silima a Paris a ƙarƙashin Jean-René Debrix, inda ake haɗa finafinan Afirka a sa musu murya. Ofishin yakan sayi haƙƙin nuna fim ɗin a wuraren da ba na kasuwa ba, wato gidajen al'adun Faransa da jami'o'i da bukukuwa. Mai fim ya samu abin ƙarasa aikinsa, aikin kuma ya tafi inda ƴan boko da Turawa ke taruwa. Ta haka Cabascabo ya isa Cannes da Mosko cikin shekara guda, hanyar kasuwannin ƙauye kuwa ba wanda ya share masa.

An yi yunƙurin gyara. A 1970 Hot-Bolta, Burkina Faso ta yau, ta ƙwace gidajen silimarta daga hannun kamfanonin biyu, suka hana ta finafinai na wani lokaci. Ƙasashe da dama suka haɗu suka kafa hukumar rarraba finafinai ta bai ɗaya, CIDC, mai mazauni a Wagadugu, Inusa Useini ya shugabance ta, amma ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1980 saboda ƙasashen ba su cika alkawarin kuɗi da na haraji ba. A watan Maris na 1982 masu yin fim na Afirka suka taru a Yamai suka fitar da sanarwar da ta ɗauki sunan birnin, wadda ta nanata cewa shirya fim ba zai ɗore ba sai an haɗa shi da rarrabawa da gidajen kallo. Ganda bai ga wannan taro ba, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, jim kaɗan bayan fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé.

Hausa a kan allo

A tsawon waɗannan shekaru Hausa ba ta samu wuri sosai a dogon fim ba. A Nijeriya, Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Umar, ya zama fim a 1976. A Nijar, Inusa Useini ya ɗauki wasan kara na Damagaram, Mahaman Bakabe kuma ya yi Si les cavaliers a 1982, daga wasan da André Salifu ya rubuta a kan shirin tawayen da aka ƙulla wa Faransawa a Damagaram a 1906. Labarin Sarauniyar Lugu, wanda Abdullahi Mamani ya rubuta, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci Dokin Yennenga a 1987. Abin da ya fi isa kunnen mutanen karkara da Hausarsu shi ne wasan kwaikwayo na samariya da na ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram, ta rediyo da talabijin.

Bidiyo ce ta sauya lissafin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset. Kaset ba ya bukatar ɗakin wanki a Paris, ba ya bukatar izinin mai gidan silima. Yana shiga buhun ɗan kasuwa ya bi ta Maigatari da Babura kamar sabulu da atamfa, ya kuma shiga cikin gida inda matan da ba su taɓa taka silima ba suke. Finafinan da suka biyo baya sun cika da waƙa da rawa da rikicin soyayya, malamai da marubuta suka yi ta kukan an kwaikwayi Indiya. Kukan yana da tushe, amma abin da aka shuka shekara arba'in shi ya tsiro. Masu shirya waɗannan finafinai da masu sayensu a gaban allon Indiya suka tashi, ba wanda ya taɓa nuna musu Ganda ko Alasan.

Kammalawa

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai. Alasan, wanda ya zauna a Tawa yana zagaya garuruwa da injin haska fim, ya rasu a 2015. Bayan shekara biyu gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya taron tunawa da ayyukansa. Zalika Sule ta rasu a 2021, shekarar da A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta fito da Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara, da Hausa, ya zagaya bukukuwan duniya. Sunan Ganda yana kan babban gidan al'adu na Yamai da kan kyautar da FESPACO ke bai wa fim na farko.

Abin da ya rage shi ne tambayar da ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Magarya da Dungas kai tsaye: ɗalibai nawa ne, cikin waɗanda ke haddace sunayen marubutan Faransa don jarrabawa, suka taɓa ganin minti goma na Cabascabo? Shingen da ya hana kakanninsu ya faɗi. Ba a bukatar COMACICO, ba a bukatar gwangwanin fim. Ƙaramin injin haskawa da farin zane da batirin hasken rana sun wadatar, ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant kuma ta gwada haka a ƙauyukan Nijar tun farkon shekarun 2000. Matsalar harshe majigi ya riga ya nuna maganinta, wato mutum guda mai jin harsunan biyu ya tsaya gefen allo yana bayani. Malamin Faransanci da na Hausa suna iya haɗuwa a kan darasi guda: a nuna Ɓarayin Keke, a bi shi da Cabascabo, a kawo wani fim na Kano da yaran suka sani, a bar su su faɗi abin da ya haɗa magidancin Rum da tsohon sojan Yamai da ɗan cin ranin garinsu. Masuntan Ayoru sun gyara wa Rouch fim a kallon farko. Ƴaƴan manoman Dungas da Magarya, waɗanda suka tashi da kallo tun suna goye, ba za su rasa abin cewa ba in an haska musu.